Asalin Kalma: Waya

Daga Ingilishi muka aro "waya", kuma da farko zaren ƙarfe kawai take nufi, irin wanda aka ja tsakanin Cape Coast da Elmina a 1881, layin tangarahu na farko a ƙasar da ta zama Gana. Da ƙwanƙwasa ƙarfe ake aika saƙo a lokacin, kuma a ganina nan ne tushen "buga waya". Sannu a hankali sunan ya bar zaren ya koma kan na'urar, har salula, wadda ba ta da igiya, ta gaje shi.

Yau tsohuwar ma'anar ta farfaɗo. Kwamfutocin tafi-da-gidanka sun sirance, ramukansu sun ragu; MacBook ta 2015 ramin USB-C ɗaya tak gare ta. Saboda haka dole mai shagon buga takardu a unguwar Nima ta Gana ya gangara Tip Toe Lane da ke Circle ya sayo adafta mai baki huɗu, ya jona firinta da filas da linzami, wayoyi sun cika masa tebur. A bakinsa salula galibi "fon" ce, "waya" kuwa igiyar. Bakano duka biyun yake kira waya, sai ya ƙara "ta hannu" ko "ta caji" don a bambanta.