Hatsarin Jirgin Alhazai a Jidda, 1991

Da safiyar Alhamis, 11 ga watan Yuli, 1991, wani jirgin sama ƙirar DC-8 ya tashi daga filin jirgin Sarki Abdul'aziz da ke Jidda zuwa Sakkwato, ɗauke da fasinjoji 247, galibinsu alhazan Nijeriya, da ma'aikata 14. Jirgin na kamfanin Nationair ne na ƙasar Kanada, wanda ke jigilar alhazai a madadin Nigeria Airways.

Bincike ya nuna cewa wasu tayoyin jirgin ba su da isasshiyar iska. An lura da hakan tun kafin tashi, amma aka sallami jirgin a haka don gudun jinkiri. Yana cikin gudu a kan titinsa sai tayoyi biyu na ɓangaren hagu suka fashe, wuta ta kama. Matuƙan ba su san da wutar ba, suka naɗe ƙafafun jirgin, suka shigar da ita cikinsa.

Sun juyo domin saukar gaggawa, amma jirgin ya faɗi kimanin kilomita uku kafin titin sauka. Duk mutum 261 da ke ciki sun rasu. Har yau, babu wani hatsarin jirgi ƙirar DC-8 da ya ci rayuka kamar wannan.