Yannick Noah

Yannick Noah tsohon ɗan wasan tanis ne kuma koci, Bafaranshe mai tushe a Kamaru. An haife shi ranar 18 ga Mayun 1960 a garin Sedan na Faransa, inda mahaifinsa Zacharie Noah yake buga ƙwallon ƙafa. Da rauni ya raba mahaifin da wasa, sai iyalin suka koma Yawunde a 1963, a can kuma Yannick ya tashi.

A 1971 shahararren ɗan wasan Amurka Arthur Ashe ya kai ziyara Yawunde, ya ga yaro ɗan shekara 11 yana buga tanis da faifan katako, amma bugun nasa na gwanaye ne. Ashe ya kai maganarsa ga Philippe Chatrier na hukumar tanis ta Faransa, aka ɗauki yaron zuwa birnin Nice domin horo. Ya fara wasan ƙwararru a 1977.

Tauraronsa ya haska a 1983, lokacin da ya doke Mats Wilander na Sweden a wasan ƙarshe na gasar Roland Garros a Faris, da ci 6-2, 7-5, 7-6. Rabon da Bafaranshe namiji ya ɗauki wannan kofi tun 1946. Ana gama wasan, mahaifinsa ya diro daga wurin 'yan kallo ya rungume shi a tsakiyar fili. A shekarar da ta biyo baya ya ci kofin 'yan bibbiyu na wannan gasa tare da Henri Leconte, a 1986 kuma ya kai matsayi na 3 a duniya. Kofunan da ya ci shi kaɗai sun kai 23.

Aikinsa na koci bai gaza na wasa ba. A 1991 ya jagoranci tawagar Faransa a gasar Kofin Davis, suka doke Amurka mai Pete Sampras da Andre Agassi a birnin Lyon, bayan shekara 59 ƙasar ba ta ɗanɗana wannan nasara ba. Ya sake ɗauko kofin a 1996 da 2017, ya kuma kai tawagar mata ga lashe Kofin Fed a 1997. An san shi da iya haɗa kan 'yan wasa da cusa musu ƙarfin gwiwa.

Noah ya kuma yi suna a waƙa, ɗansa Joakim kuma ya buga ƙwallon kwando a Chicago Bulls. Tun 1983 babu Bafaranshe namiji da ya sake lashe Roland Garros a wasan ɗai-ɗai.