Tarihin Ashirin da Ɗaya da Lissafin Tarayya a Ruɓanya

Karta ba a Turai aka haife ta ba. Daga Masar ta zamanin Mamluk ta ƙetara teku zuwa Sifen da Italiya wajen shekarun 1370, daga nan ta bazu. Wasan da ake kira ashirin da ɗaya, wanda Amurkawa suka raɗa wa suna bilakjak, ya bayyana a rubuce cikin wani labarin Cervantes da aka buga a 1613, inda wasu ƙananan mazambata biyu ke damfarar mutane da shi. Ƙa'idarsa gajeriya ce: ɗan wasa ya nemi jimillar da ta fi ta mai rabo, amma kada ta haura 21. Jihar Nebada ta halatta gidajen caca a 1931, wasan kuwa ya samu gindin zama a can.

Cikin dokokinsa akwai ruɓanya. Bayan an raba wa mutum karta biyu, yana da damar ninka kuɗin da ya zuba, bisa sharaɗin ƙarin karta ɗaya tak za a ba shi. Wani lokaci aljihun mai hannun ba ya kaiwa, ko zuciyarsa ta karaya, sai na kusa da shi ya ce zai cika masa, a raba abin da ya fito. Shin wannan tarayya riba ce ko asara, kuma ga wa?

Tambayar yadda ake raba kuɗin caca tsohuwa ce. Luca Pacioli ya taɓo ta a 1494, Pascal da Fermat suka warware ta cikin wasiƙun da suka yi musaya a 1654, kuma daga nan ilmin yiwuwa ya tsiro. A 1956 wasu Amurkawa huɗu, Baldwin da Cantey da Maisel da McDermott, suka wallafa lissafin dabarar da ta fi dacewa da kowane hannu, da injinan lissafi na tebur kawai. Edward Thorp ya tace aikin da kwamfutar IBM, ya fitar da littafinsa a 1962.

Ga abin da lissafin ya nuna. Cikin karta 52, guda 16 darajarsu goma ce. Idan ɗan wasa yana riƙe da 11, mai rabo kuma ya nuna 6, hannun yakan ci sama da sau shida cikin goma, ya faɗi kusan sau uku, sauran a tashi canjaras. Matsakaiciyar riba ta kai kashi 33 cikin 100 na duk abin da aka zuba. A nan mai hannun bai rasa komai ba don wani ya cika masa, domin ko bai ruɓanya ba karta ɗaya zai ja ya tsaya.

Amma in mai rabo ya nuna 10, zance ya sauya. Wanda ya riƙe damarsa ta jan karta gwargwadon buƙata yana da ribar kusan kashi 12. Wanda ya amince da karta ɗaya kuwa, ribar kowane kaso ta sauko zuwa kashi 9. A ce sefa 1,000 ya zuba, wato jaka ɗaya a bakin Hausawan ƙasashen sefa: abokin tarayya ya tsinci sefa 90 a matsakaici, mai hannu ya sarayar da 30 don a yi masa alfarma. Ashe taimakon ba kyauta ba ne.

Akwai kuma abin da alƙaluma ba sa aunawa. Gidan caca mai kujera kaɗai ya sani, shi yake biya. Mai cikawa ba shi da takarda, ba shi da shaida, sai amanar baƙo.

Hausawan Togo sun san darajar irin wannan amana. Fataken goro da suka riƙa bi ta Sansanin Mango tsakanin Kano da Gwanja, da waɗanda suka zauna a zangon Sokode, da jarin wasu da yawansu suke tafiya, a raba riba in an dawo. Fiƙihun Malikiyya ya halatta wannan da sunan ƙirali, domin akwai aiki da haja a tsakani. Caca kuwa Alƙur'ani ya haramta ta a aya ta 90 ta Suratul Ma'ida. Duk da haka ta shigo da rigar hukuma: tun 1966 Togo ke da kamfanin LONATO, wanda tikitinsa ke kaiwa har Dapaong.

Ɗalibi ya lura da cikon lissafin. Wancan kashi 33 na hannu ɗaya ne cikin ɗaruruwa. In aka haɗa wasan baki ɗaya, ko gwanin da bai kuskure dabara ba yana barin wa gida kusan rabin kashi ɗaya cikin 100 na duk abin da ya zuba, mara sani kuwa ya ninka haka sau da dama. Da wannan ɗan rarar ake gina benayen Las Begas.