Ƙira a Ƙasar Adar da Ƙonni

Ƙira sana'ar gado ce a ƙasar Adar da Ƙonni, kuma a da kashi biyu ce. Maƙeran fari suna aikin azurfa da tagulla, su yi zobe da munduwa. Maƙeran baƙi kuwa su ne ƙashin bayan noma da yaƙi, domin daga hannunsu hauya da gatari da lauje suke fitowa, haka ma mashi da kibiya. Gari mai sarauta, irin su Illela, mazaunin Sarkin Adar, ba ya rasa Sarkin Maƙera.

Kafin zuwan Turawa, maƙeran nan da kansu suke samar da ƙarfensu. Da rani, bayan an kai amfanin gona gida, sai a fita daji haƙar tama a tuddan jan dutse. A sare ƙirya a ƙona gawayi, don gawayinta ya fi riƙe wuta. A gina murhun yumɓu mai tsayi, a zuba gawayi da tama hawa-hawa, wuta ta kwana tana ci. Idan ta lafa, a ciro curin ƙarfe, kashinsa a bar shi nan. Aiki ne mai tsari da hani: ana yanka, kuma mai aikin yana ƙaurace wa iyali, saboda ana ɗaukar narkar da tama tamkar aure da haihuwa. Wannan fahimta ce ta sa wata Bafaranshiya mai bincike, Nicole Echard, ta raɗa wa fim ɗin da ta yi kan maƙeran Adar suna Noces de feu, wato auren wuta.

Mulkin mallaka ne ya kashe murhun. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, motoci suka biyo baya, tsohon ƙarfe ya yi arha. Wanda zai sami sifirin mota a kasuwa ba zai yi makonni a daji ba, kuma ba a ga laifinsa.

Maƙera dai ba ta mutu ba. Har yau yaro na kan zuga-zugi, babba na riƙe da awartaki yana juya jan ƙarfe, ana dukansa da masaba, a tsoma bakin gatari a ruwa ya yi tauri. Manoman albasar Galmi suna cikin masu sayen kayan. Abin da aka yi asara shi ne sanin fitar da ƙarfe daga dutse, kuma babbar asara ce.