Gidan Da Ba Ya Sayuwa

Mun saba da adashe, mun san yadda mutum goma kan tara abin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Saboda haka abokai su haɗa kuɗi su sayi tsohon gida a cikin gari su gyara, ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Rigimar kan zo ne daga baya, ranar da ɗaya ya ce a ba shi kasonsa zai tashi, ko ya rasu magada su zo, alhali gidan da aka saya a lalace ya ninka kuɗinsa. A nan zumunci kan watse. Wasu mazauna garin Freiburg, a kudu maso yammacin Jamus, sun yi wa wannan ranar tanadi tun kafin ta zo.

A ƙarshen shekarun 1970 da farkon 1980, matasa a biranen Jamus ta Yamma sun riƙa shiga gidajen da aka bari babu kowa suna zama, 'yan sanda kuma suna fitar da su. A Freiburg wasunsu suka ga mamaya ba ta ɗorewa, gara a mallaka. Suka fara da wata tsohuwar masana'anta mai suna Grether, suka mayar da ita gidajen zama. Daga nan aka kafa Mietshäuser Syndikat a 1992, wato gamayyar gidajen haya.

Ga yadda tsarin yake. Kowane gida ana buɗe masa ƙaramin kamfani nasa, mai jarin Yuro 25,000, kuma masu hannun jari biyu ne kacal: ƙungiyar mazauna gidan da gamayyar. Mazauna ne ke yanke kuɗin haya, su zaɓi wanda zai shigo, su tsara gyare-gyare. Amma sayar da gidan sai gamayya ta yarda, ita kuwa an kafa ta ne domin ta ƙi. Kuɗin saye da gyara kan fito daga rancen 'yan uwa da abokan arziki, sai banki ya cika sauran, ana biya daga haya. Gidajen da bashinsu ya yi sauƙi suna zuba wani abu a asusun da ke tallafa wa sababbi. Yau akwai gidaje fiye da 150 a wannan tsari, an kuma kwaikwaye shi a Ostiriya da Holan.

Mu masu rubuta manhajar kwamfuta mun san irin wannan dabara daga lasisin GPL na 1989: an yi amfani da dokar mallaka wajen hana kowa killace abin da aka yi wa jama'a.

Sai dai akwai abin da aka sadaukar. Wanda ya yi shekara ashirin yana ɗaukar siminti da fenti a gidan, idan zai tashi, rancen da ya bayar kawai za a mayar masa. Ba shi da ɗakin da zai bar wa 'ya'yansa. A wurinmu, inda gida shi ne babban abin da uba ke fatan bari, wannan ba ƙaramin al'amari ba ne, kuma ba kowa zai yarda ba.

Ko da ba mu ɗauki tsarinsu ba, ya kamata mu lura da lokacin da suka yi maganar. Sun rubuta ƙa'idar rabuwa tun ana ga-maciji, kafin a sa bulo ɗaya, kafin kowa ya san nawa gidan zai kai.