Kwamfuta a cikin kwamfuta: daga IBM zuwa laftof ɗin yayana

1/ Bara na ari laftof ɗin yayana don in gwada Linux. Na danna inda bai kamata ba, Windows ta tafi, ta tafi da hotunan bikinsa kaf. Har yau in ya tuna sai ya harare ni. Daga baya aka nuna min emuleta, na bi tarihinta. Ku biyo ni 🧵

2/ Emuleta manhaja ce da ke sa kwamfutarka ta yi kwaikwayon wata kwamfutar. Sai ka ɗora mata Linux ko tsohuwar Windows, duk ɓarnar da ka yi a can ciki za ta tsaya.

3/ Abin ya faro ne daga tsoro. A 1959 IBM ta fito da kwamfutar 1401, aka ƙera sama da 10,000. Kamfanoni suka shafe shekaru suna rubuta mata manhajojin albashi da lissafi. A 1964 sai ga System/360, wadda ba ta jin yaren 1401 ko kaɗan.

4/ To wa zai sayi sabuwa ya zubar da aikin shekaru? Ga kuma Honeywell tun 1963 ta fito da H200 da wata manhaja, Liberator, mai juya manhajojin 1401 su yi aiki a kanta. Kwastomomi suka fara zamewa.

5/ Dabarar IBM ita ce ta koya wa 360 ta riƙa yin kamar ita ce 1401. Injiniyanta Larry Moss ne ya raɗa wa abin suna emuleta. Tsofaffin manhajoji suka ci gaba da aiki, mutane suka saya hankali kwance.

6/ A 1967 masu binciken IBM a Amurka suka yi CP-40, mai raba kwamfuta ɗaya ta zama da yawa, kowa da tasa. Ita ce kakar VM/370 ta 1972.

7/ Sai ƙarshen ƙarni abin ya sauko kan kwamfutocin gida sosai: VMware a 1999, QEMU ta Fabrice Bellard ɗan Faransa a 2003, VirtualBox a 2007. Masu koyon haɗa manhajar Android, emuletar da kuke gwaji da ita a kan QEMU aka gina ta.

8/ Akwai bambanci fa. Emuleta ta asali tafinta ce, tana fassara kowane umarni, shi ya sa take jan ƙafa. VirtualBox kuwa furosesarka take ara kai tsaye, don haka ta fi sauri, amma sai nau'in furosesar ya zo ɗaya.

9/ Yadda na yi: na sauke VirtualBox da fayil ɗin ISO na Ubuntu da dare, saboda yana cin data. Ta ƙi tashi. Ashe sai na kunna VT-x a BIOS. RAM ɗin laftof ɗin 8GB ne, na ba ta 4, da faifai 25GB.

10/ Kafin ka fara kasada, ka adana yanayin da take ciki, VirtualBox na da maɓallin hakan. In ta lalace, dannawa ɗaya ka dawo. Sau uku na kashe Ubuntu a mako guda, ba wanda ya sani.

11/ Yaya ya sake ba ni aron laftof ɗin, bisa sharaɗi. Hotunan bikin dai har yanzu muna roƙonsu ɗaya-ɗaya a wurin dangi ta WhatsApp.