Kwana 200 na Murtala: Me Ya Tsira Bayan Harsashin Dimka?

Yau za mu waiwayi Janar Murtala Ramat Muhammad, ɗan Kano, wanda ya karɓi mulkin Najeriya a ƙarshen Yulin 1975 yana da shekara 36, aka kashe shi a Legas ranar 13 ga Fabrairun 1976. Kusan kwana 200 ke nan. To wanne daga cikin ayyukansa ya rayu bayansa, kuma me ya sa?

Mu fara da alƙawari. Gowon ya ce zai miƙa mulki a 1976, sai a Oktoban 1974 ya janye. Murtala na zuwa ya yanke rana: 1 ga Oktoban 1979. Bai bar maganar a baki ba, ya kafa kwamitin tsara kundin mulki ƙarƙashin Rotimi Williams. Shi ya sa ko da ya rasu, Obasanjo ya tarar da hanya a share, ya miƙa wa Shehu Shagari mulki a ranar da aka ɗiba.

Haka batun babban birni. Kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda ne ya yi nazari ya ba da shawara, aka kafa dokar Abuja a Fabrairun 1976. Sai a Disamban 1991 aka tare, amma ba wanda ya soke. Jihohi ma ya mayar da su 19 daga 12 bayan nazarin kwamiti.

Yanzu ga inda ake gardama. Ya sallami ma'aikatan gwamnati sama da 10,000, da yawansu ba a saurari bahasinsu ba, wasu a rediyo suka ji. Talakawa sun yi tafi, don lalacin ya yi yawa. Sai dai mai laifi da marar laifi duk guguwar ta kwashe. Masana da dama na ganin daga nan ma'aikaci ya koyi cewa kujerarsa ba ta da tabbas, gara ya tara tun da wuri. Ka ga gyara ya haifi wata ɓarna.

Jama'a, ga darasin. Zuciya ɗaya ce, niyya ɗaya, amma abin da ya bi ta shawara, aka rubuta, aka sa masa rana, shi ya tsira. Wanda aka yi da zafin zuciya kuwa tabo ya bari.

Mu matasa muna yawan addu'ar Allah Ya kawo mana wani Murtala. To kafin ya zo, dubi ƙungiyar da kake jagoranta. Akwai ranar zaɓe a rubuce? Ana sauraron wanda ake zargi kafin a kore shi? In ka kau yau, aikin zai ci gaba gobe?

Allah Ya jiƙan Murtala. Sai mun haɗu a shiri na gaba.